Tayil Ɗaya Don Famfon Unguwa

Sanyin bana ya fasa tayil guda
a jikin famfon unguwarmu, nan Kutahya,
na uku daga ƙasa, inda yara ke dafawa
in sun sunkuya shan ruwa.
Tun Janairu gurbin yake nan
kamar giɓi a bakin tsoho.

Yau ƙanƙara ta fara sallama daga rufin ɗaki,
ɗis, ɗis, a kan bokitin da muka manta a waje.
Baba ya ce, "Nazmiye, ɗauko farin nan,
ƙaramin, na bayan buhun gawayi."

Bai cika tafin hannunsa ba.
Na hure masa ƙura.

Takardar zanen ta girme ni.
Kakata ce ta huda ta da allura,
huji bayan huji, kamar sawun tururuwa.
Na shimfiɗa ta, na ɗaure garin gawayi a ƙyalle,
na bubbuga a hankali, na ɗaga.
Ga inuwar reshe ta kwanta a kan fari,
numfashi ɗaya zai iya share ta.

Baba ya karɓi burushi.
Shekara arba'in da shida yana jan wannan layi,
amma tun bara hannun ya daina jin magana.
Ya fara daga kusurwar hagu,
reshen ya tashi, ya lanƙwasa,
ya nannaɗe kansa kamar mage a bakin murhu,
sai a tsakiya
hannun ya yi rawa.

Layin ya kauce. Ɗan kaɗan, faɗin ƙwayar alkama.

Bai ce komai ba.
Ya ajiye burushin, ya juya wajen taga,
yana kallon Rustem mai burodi
yana kakkaɓe tabarmar ƙofa.
Shayinsa ya huce a gefen tebur.

Wuƙar kankarewa tana kusa da gwiwar hannuna.
Na dube ta. Na dubi inabin tsakar gidanmu
wanda ya hau bango ya tarar da ƙusa,
bai tsaya gardama ba, ya kewaye ta ya wuce.
Wane reshe ne ya taɓa bin takarda?

A daidai inda layin ya karkace
na fitar da ganye.
Ɗaya. Sai wani a bayansa, ƙarami, mai kunya.
Na saki siririyar jijiya tana laluben iska,
na kai ta sama, inda furen zai zauna.
Lale muke kiransa:
kai a sunkuye, leɓe uku a tsuke,
kamar mai riƙe da albishir bai samu izini ba.

Launi kuwa, kada ka yarda da shi yanzu.
Shuɗin nan toka ne a ido,
koren kamar ruwan wanki,
jan sai ka ce laka.
Haka muke aiki a gidan nan,
muna shafa abin da ba mu gani ba,
mu miƙa wa wuta, mu je mu kwanta.

Kwana biyu tanderu ya riƙe amana.
Ran na uku Baba ya riga ni tashi.
Na same shi tsaye da tsumma a hannu,
tayil ɗin na ɗumi kamar ƙwai,
shuɗin ya farka, jan ya buɗe baki.
Ya kai babban yatsa kan lanƙwasar,
ya daɗe a wurin.
"Wannan ganyen ba ya cikin takarda," in ji shi.
Na ce, "Ba ya ciki."

Da la'asar muka kwaɓa siminti.
Yanzu yana can, na uku daga ƙasa,
ya fi 'yan'uwansa haske, shekaru za su daidaita su.
Ɗazu wata yarinya mai jan takalmi
ta dafa shi da jiƙaƙƙen hannu, ta sha, ta ruga.
Ko kallonsa ba ta yi ba.